Shehu Abdullahi da mudun da muke auna namu da shi

Daren Lahadi ne, a wani gidan kallon ƙwallo da ke Mabera. An tafi hutun rabin lokaci, yara masu ruwan leda da gyaɗa suna ratsa benci-benci, hira kuma ta gangaro kan ƴan wasan Najeriya. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ambaci Shehu Abdullahi, ya ce ai wannan namu ne, haifaffen garin nan.

Sai wani saurayi sanye da jesin Arsenal ya waiwayo ya ce, "Haba Baba, mi yay yi? Saifurus hwa yat tahi, yag gama yawo nai yad dawo Kano. Wanga har ɗan ƙwallo na?"

Aka kwashe da dariya. Dattijon ya yi shiru, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ni ma ban ce uffan ba, don a gidan kallo wanda ya fi murya shi ke da gaskiya. Amma har na isa gida maganar tana cin raina, kuma yau kwana huɗu ke nan ba ta sake ni ba.

Ga matsayina tun kafin a je ko'ina. Shehu Abdullahi ya yi abin da ya isa a girmama sunansa a Sakkwato. Rainin da muke yi wa irin tafiyarsa, don kawai bai buga a Ingila ba, ba zai rage shi da komai ba, ya riga ya ci rabonsa. Yaranmu masu tasowa ne ke kwana ciki, domin muna koya musu cewa hanyar da ta fi yiwuwa a gare su abin kunya ce.

Hanyar da ya bi

An haifi Shehu a Sakkwato a 1993. Kamar duk yaron garin nan da ke son ƙwallo ta zame masa sana'a, sai da ya bar gida kafin a san da shi. Sunansa ya fito a Kano Pillars, a daidai zamanin da "Sai Masu Gida" suka riƙe kofin gasar firimiya ta ƙasa shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Duk wanda ya san Pillars ta wancan lokaci ya san ba a shiga cikin sha ɗayan farko da roƙo.

Daga Kano ya tafi Qadsia a Kuwait. Daga nan sai União da Madeira a Fotugal, a tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo, inda ya buga babbar gasar ƙasar wadda Benfica da Porto da Sporting suke ciki. Sai Anorthosis a Saifurus. A farkon 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta ɗauke shi. Bayan nan ya koma Saifurus wurin Omonia, inda suka ci kofin gasar ƙasar a 2021, suka ci kofin ƙalubale a 2022. Ya ɗan taɓa Levski Sofia a Bulgeriya, sannan a 2024 ya dawo Pillars.

Ƙasa biyar ke nan ban da tasa. A kowace sai ya koyi zama da mutanen da ba ya jin harshensu, ya ci abincin da bai saba da shi ba, ya yi azumi cikin atisaye, ya kuma shawo kan sabon koci da bai taɓa jin sunan Sakkwato ba. Ba duka tafiyar ce ta yi daɗi ba. União ta faɗi daga babbar gasa a 2016, Bursaspor ma ta faɗi a 2019. Amma duk lokacin da wata ƙofa ta rufe, wata ƙungiyar ta zo nemansa, kuma Bature ba ya biyan albashi don tausayi.

Mu Sakkwatawa mun fi kowa sanin darajar irin wannan. Ɗan kasuwar da ya fara da tebur a Tsohuwar Kasuwa, ya koma kai kaya Illela da Ƙwanni, ya kai ga zuwa Kwatano, ya dawo ya gina gida ya aurar da ƙannensa, ba wanda zai tare shi ya ce tunda ba ka kai Ɗangote ba, ba ka yi kasuwanci ba. Me ya sa sai a ƙwallo muke canza mudu?

"Ai bai buga a Ingila ba"

Wannan ita ce babbar hujjarsu, kuma gaskiya ne bai buga ba. Ba zan ce gasar Saifurus ta kai ta Ingila ba, wanda ya faɗi haka ya yi ƙarya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da Ingila ita kaɗai ce duniya.

Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, bai taɓa buga wa ƙungiyar Ingila ba. Ya yi suna ne a Africa Sports ta Kwaddebuwa da Vitória Setúbal ta Fotugal. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, ranar da ya kama raga yana kuka, kuma ƙwallo 37 ya ci wa ƙasar nan. Da a yau yake wasa, da yaranmu na gidan kallo sun tambaya ko Setúbal ma ƙungiya ce.

Garba Lawal, wanda ke cikin waɗanda suka ɗauko zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, shi ma ya buga wa Levski Sofia ɗin nan da Shehu ya je. Ban taɓa jin wani babba ya raina Garba Lawal ba.

A juya ta ɗaya gefen kuma. Ahmed Musa ya je Ingila a 2016, Leicester City ta saye shi tana riƙe da kofin firimiya. Zaman bai karɓe shi ba, mafi yawan lokaci a benci yake. Wannan Musan ne dai ya ci Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018. Ashe ke nan zuwa Ingila bai ƙara masa iya ƙwallo ba, rashin samun wuri a can kuma bai rage masa ba. Wani lokaci koci ne bai yi da kai ba, wani lokaci tsarin wasan ne bai dace da ƙafarka ba, wani lokaci rabo ne kawai.

Har waɗanda yaran namu suke rataya hotunansu a ɗaki, tsani suka taka. Mohamed Salah a gasar Masar ya fara, ya je Basel ta Suwizalan, ya je Chelsea aka ajiye shi a benci, ya koma Italiya ya sake gina kansa kafin Liverpool ta neme shi. Victor Osimhen, bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya je Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba. Sai da ya sauka zuwa Charleroi ta Beljiyam sannan ƙafarsa ta buɗe. Da Osimhen ya tsaya sauraren ƴan gidan kallo, da ya ce Beljiyam ta yi masa kaɗan.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa Shehu rashin amo: wurin da yake bugawa. Lamba biyu ne, wato ɗan baya na dama, wani lokaci a tura shi tsakiya ya tare. Mu kuwa tun muna yara, wanda aka raina a unguwa shi ake cewa ya koma baya ko ya shiga gola. Ɗan baya kamar maigadi yake, ba a tuna shi sai daren da aka yi sata. Zai yi minti 90 yana hana ɗan gaban abokan hamayya sakat, ba wanda zai yi masa tafi, amma ranar da aka zille masa sau ɗaya har a majalisar mai shayi sai an yi da shi.

"Don ɗan Arewa ne aka saka shi"

Wannan ita ta fi yi mini ciwo, don daga bakin namu take fitowa. Wai ana ɗaukar ɗan Arewa ɗaya ko biyu a Super Eagles ne don a rufe mana baki, kamar yadda ake rabon muƙamai a Abuja.

To a duba waɗanda suka ɗauke shi. Marigayi Stephen Keshi ne ya tafi da shi gasar ƴan wasan cikin gida ta Afirka a 2014, a Afirka ta Kudu. Gasar nan ce Maroko ta ci mu uku ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci, muka dawo muka ci huɗu, har Rabi'u Ali na Pillars ya jefa ɗaya. Najeriya ta zo ta uku. Samson Siasia ne ya tafi da shi Olamfik a 2016. Gernot Rohr, Bajamushe, shi ya tafi da shi kofin duniya a 2018 da kofin Afirka a 2019. Koci uku, ba ɗan Arewa ko ɗaya a ciki, kuma kowannensu ya san in aka ci shi wasa shi za a kora, ba ɗan wasa ba. Wane koci ne zai sayar da aikinsa don ya faranta wa Sakkwatawa rai?

Bari in daɗe kaɗan a kan Olamfik ɗin 2016, don na lura yawancin samarin nan ba su san abin da ya faru ba. Ƙungiyar ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar jirgi. Ba su sauka a Manaus ta Barazil ba sai ana saura ƴan awanni a take wasansu na farko da Japan. Mutanen da ya kamata a ce suna kwance suna huce gajiya suka ɗaura takalma suka ci Japan biyar da huɗu, Oghenekaro Etebo ya jefa huɗu shi kaɗai. Suka wuce Denmark da biyu ba ko ɗaya, Jamus ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ranar 20 ga Agusta suka ci Honduras uku da biyu suka ɗauki lambar tagulla. Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya.

Wannan tagulla ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samo a gasar Rio gaba ɗayanta. Duk ƴan tsere da ƴan dambe da ƴan kokawa da masu ɗaga ƙarfen da aka tura, ba wanda ya dawo da komai sai waɗannan yaran. A cikin ƴan wasa 18 da aka rataya wa lambar akwai ɗan Sakkwato. Mutum nawa ne a jihar nan, daga Isa zuwa Kebbe, ke da lambar Olamfik a ɗakinsa?

Sai ranar 7 ga Oktoba 2017, a Uyo. Najeriya da Zambiya, muna neman nasara don mu samu tikitin zuwa kofin duniya a Rasha. Na kalli wasan a Runjin Sambo, kuma ina tuna yadda wurin ya yi tsit bayan an wuce minti 70 ba ci. Zambiya ta takura mana ƙwarai. Sai ƙwallo ta bi ta dama, Shehu ya hauro daga baya ya kutsa, ya mayar da ita tsakiya a ƙasa, Alex Iwobi ya tura ta raga. Da wannan ƙwallon Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin zuwa kofin duniya na 2018.

Kowa ya riƙe sunan Iwobi, kuma ya cancanta. Amma abin ya ba ni mamaki: saurayin nan mai jesin Arsenal, na tabbata ya san Iwobi tun yana Arsenal, ya san lambar rigarsa, amma bai san ƙafar da ta miƙa masa ƙwallon ba, alhali ƙafar a ƙasar garinsu ta koyi tafiya.

Inda masu suka ke da ɗan abin kamawa

Ba zan ɓoye ba, akwai. A Nuwamban 2017 an saka Shehu a wasan ƙarshe na neman gurbi da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi buga wasan. An tashi ɗaya da ɗaya, daga baya FIFA ta ba Aljeriya nasara da ci uku ba ko ɗaya, ta kuma ci tarar Najeriya. Allah ya taimaka mun riga mun wuce. Har yau akwai masu jingina masa wannan. Amma lissafin kati aikin ofis ne, akwai mutanen da ake biya albashi a hukumar ƙwallon ƙasa don su riƙe shi. Ɗan wasa in an ce masa shiga, shiga yake yi.

A Rasha kuma ya buga wasan farko da Kuroshiya aka ci mu biyu ba ko ɗaya, daga nan Rohr ya sauya tsari ya ajiye shi. Wannan gaskiya ne. Sai dai a tuna Kuroshiyar nan ita ce ta kai wasan ƙarshe a gasar, kuma a wasanta na gaba uku ta zura wa Ajantina mai Messi. A kofin Afirka na Masar a 2019 rauni ya fitar da shi tun a wasan farko da Burundi. Ban ce Shehu shi ne lamba biyun da ya fi kowa a tarihin Najeriya ba, shi ma na san ba zai ce haka ba. Tsakanin "ya fi kowa" da "wanga har ɗan ƙwallo na?" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawan mutanen kirki suke cin abincinsu.

"Da bai ƙare ba da bai dawo gida ba"

Ɗan ƙwallo in ya haura shekara 30, ƙafa takan fara ja baya. Ba abin ɓoyo ba ne. Tambayar ita ce me zai yi da ragowar ƙarfinsa da kuma abin da ya sani. Wasu suna zama a Turai su ɓace. Shehu da Ahmed Musa sun zaɓi su dawo su saka rigar Pillars, su hau mota zuwa Aba da Ibadan da Maiduguri tare da yaran da ko fasfo ba su da shi. Yekini ma da ya gama yawonsa a gasar gida ya rufe.

Ka yi tunanin yaro ɗan shekara 19 da ke cire takalmi a ɗaki ɗaya da mutumin da ya tsaya gaban Luka Modric a kofin duniya. Abin da zai koya a wata ɗaya, na yadda ake tsayuwa, da yadda ake cin abinci, da yadda ake karanta takardar kwantiragi kafin a sa hannu, ba zai same shi a shekara biyar ta kallon talabijin ba.

Gasar gidan da muke rainawa kuma ita ce ta ba mu Sunday Mba, wanda ya ci ƙwallon da Najeriya ta ɗauki kofin Afirka da ita a 2013, yana ɗan wasan gida. Ita ce ta fitar da Enyimba da ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Tana da matsalolinta, na albashi da na alƙalanci da na filaye, ba wanda ya musa. Amma kujerun da muka bari babu kowa ba su taɓa gyara ko ɗaya daga ciki ba.

Abin da rainin yake jawo mana

Nan ne maganar ta zo gidanmu, shi ya sa ban iya yin dariya da su ba.

Ina da ɗan yaya, yaro mai ƙafar hagu da duk unguwa ta shaida. Shekarun baya wani koci daga wata ƙaramar ƙungiya a wata jihar Arewa ya gan shi, ya ce ya zo ya zauna da su. Albashin kaɗan ne, ɗaki kuma na tarayya. Na ce masa ya tafi. Ya ce, "Kawu, in na tahi can abokaina dariya za su yi mini. Ni waje nika son hita."

Ba a yi wata uku ba sai ga wani mutum da ya ce shi ejan ne, yana da hanyar kai yara gwaji Ingila kai tsaye. Yana da hotuna a waya, yana da takardu masu tambari. Yayata ta sayar da tumakinta da keken ɗinkinta, mu ma muka haɗa abin da ya sawwaƙa. Aka kai yaro Legas, ya zauna a ɗaki ɗaya da wasu yaran irinsa suna jiran biza. Bayan ƴan makonni wayar mutumin ta daina shiga. Kuɗin motar dawowa ma sai da muka tura.

Yau yaron nan kabu-kabu yake yi. Sana'a ce, ba abin kunya ba, kuma yana ciyar da mahaifiyarsa da ita. Amma ƙwallon ta tafi, don bayan abin da ya faru ya kasa komawa fili ya haɗa ido da mutane.

Daga baya ne na fahimci abin da da mun sani tun farko da ba a cuce mu ba. Dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan. Ingila kuma, a mafi yawan lokuta, ba ta ba ɗan wasan waje izinin aiki sai an duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da kuma darajar gasar da ya fito. Wato yaron da zai tashi daga filin unguwa ya faɗa Ingila kai tsaye kusan babu shi. Hanyar da ke akwai ita ce irin ta Shehu: ka samu ƙungiya a gida, ka yi fice, a kira ka ƙungiyar ƙasa, wata ƙaramar ƙasa ta ɗauke ka, daga nan abin da Allah ya rubuta.

Macucin nan bai ƙirƙiri kwaɗayin yaronmu ba, ya tarar da shi an riga an shuka. Mu muka shuka shi, a gidan kallo, duk ranar da muka yi wa Saifurus da Pillars dariya a gaban yara.

"Muna fama da tsaro kana maganar tamaula"

Na san masu wannan magana, kuma ba na raina ta. Wanda ya kwana bai san halin da danginsa ke ciki a Sabon Birni ko Rabah ba, yana da hakkin ya ga ƙwallo a matsayin wasan yara. Haka kuma iyayen da ke tsoron ƙwallo ta raba yaro da boko da islamiyya suna da hujja, don mun ga yaran da ta raba. Ni ma ba na goyon bayan yaro ya ajiye littafi. Cikin yara ɗari masu buga ƙwallo a unguwa, da wuya ɗaya ya ci abinci da ita, sauran dole su sami abin da za su koma.

Amma a duba Borno. Babu jihar da ta sha wuyar rashin tsaro kamarta, duk da haka El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2024. Katsina na fama da irin namu, tana da Katsina United. Neja na da Niger Tornadoes. Mu kuwa Sokoto United ta daɗe a rukuni na biyu, ga filin wasa na Giginya a tsakiyar gari. Matashin da ya san ƙarfe huɗu da rabi koci na jiransa, kuma in aka ji warin wani abu a bakinsa za a ajiye shi a benci, ya fi wanda ba mai jiransa ko'ina wuyar ja zuwa ga ɓarna.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gina gada ba. A dawo da gasar ƙwallo tsakanin makarantun sakandare da ƙarfinta, a yi ta bayan la'asar lokacin da zafin garin nan ya sassauta, kuma sharaɗin shiga ya zama yaro yana zuwa aji. A daina yanka filayen makarantu da na unguwanni ana gina shaguna. A riƙa biyan ƴan wasan ƙungiyar jiha hakkinsu a kan lokaci, don yaro ya ga ana iya aure da albashin ƙwallo a gida. Attajiranmu da ke ɗaukar nauyin dambe da kokawa, Allah ya saka musu, su waiwayi ƙungiyoyin unguwa ko da da ƙwallaye da jesi ne. Mu da muka iya yi wa ɗan dambe kirari tun daga kakansa, bai kamata a ce mun rasa bakin yabon wanda ya ɗauko mana lambar Olamfik ba.

Sannan a gayyato Shehu da irinsa, ba don a ɗauki hoto a watse ba. A zaunar da su gaban yara da iyayensu su faɗi yadda abin yake: nawa aka fara biyansu, wane dare ne suka yi tunanin haƙura, yaya ake gane ejan na gaskiya da na ƙarya. Da yayata ta taɓa zama a irin wannan taro, da keken ɗinkinta na nan.

Mu ƴan kallo ma akwai namu. Kuɗin da muke biya a gidan kallo duk Asabar da Lahadi don Arsenal da Madrid, in muka ware na rana ɗaya a wata muka shiga Giginya ranar da ƙungiyar gida ke wasa, yaran da ke cikin filin za su san akwai masu ganinsu.

Saurayin nan mai jesin Arsenal na san shi, na san mahaifinsa. Yana buga ƙwallo da yamma a filin makarantar firamaren da ke bayan layinmu, kuma ya iya. Lamba biyu yake bugawa, yana da gudu, yana son haurawa gaba ta dama ya mayar da ƙwallo tsakiya. Na sauke bidiyon ƙwallon Uyo a wayata. Gobe in Allah ya kai mu, in sun tashi kafin magariba, zan kira shi gefe in nuna masa, in ce ya bar kallon Iwobi ya dubi wanda ya hauro daga baya.